Ziyarar Wuraren Tarayya da Ɗakin Yaya Asabe

Tun da na dawo daga tafiyar nan ban sami sukunin zama a ƙofar gidana ba. Duk wanda ya zo gaisuwa, da ya gama tambayar gajiya sai ya gyara zama ya ce, "To Malam, yaya wuraren suke?" Na ba da labarin a majalisar bakin kasuwar Gwarzo, na sake ba da shi a Kabo wurin wani suna, kuma kullum sai ya dawo mini da ƙari. Har na ji an ce zaki ya biyo ni na hau bishiya. Mutum mai shekaruna ba ya hawan bishiya, kuma babu zaki. Saboda haka na ga ya kamata in rubuta shi sau ɗaya, daidai yadda ya faru, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ga dalilin tafiyar. A garinmu, Garun Baure, akwai tsohuwar ƙofar gari, soro ne na ƙasa mai rufin azara, wanda kakanninmu suka gina zamanin da mahara suke zuwa daga arewa. Ganuwar ta daɗe da narkewa ta zama gona, ƙofar kaɗai ta rage. A jikin bangonta na gabas ɗakin yayata yake, Yaya Asabe, wadda ta goya ni. Mijinta ya rasu, idonta ya yi rauni. A ɗakin nan aka kai ta amarya, a nan ta haifi 'ya'yanta duka, kuma awakinta a soron suke kwana. Kowace shekara kafin damina mutanen unguwa sukan yi gayya su yi wa ƙofar yaɓe, ita kuwa ta dama musu kunu.

Alhaji Sule mai taki, shugaban ƙungiyar ci gaban gari, ɗalibina ne a da, lokacin da nake hedimasta. Shi ne ya ji a rediyo cewa gwamnatin tarayya tana da hukuma mai tsare wuraren tarihi. Ya je birni ya gayyato su, aka yi masa alkawarin za a turo jami'i ya duba. Ya shaida wa mutane cewa in ƙofar ta zama ta tarayya, kwalta za ta zo, famfo zai zo, Turawa masu kyamara za su zo. Sai a ƙarshen jawabi, cikin ƙaramar murya, ya ambaci sharaɗin: ba a yarda kowa ya zauna a jikin ginin tarihi ba. Za a rushe ɗakin Yaya a ba ta fili a wani wuri.

Ta aika aka kira ni. Ta ce, "Dauda, kai ka yi boko, har na mishan. Ka je ka gano mini. In tashin alheri ne, in tashi. In kuwa ba shi ba ne, sai dai su ɗauki gawata."

Ana cikin haka Alhaji ya shirya zuwa wata jiha da ke kudu da mu, inda aka ce tarayya tana riƙe da wani masallaci, da gandun daji, da wani kogo mai zane, don ya koyo yadda ake yi. Ba zan kama sunan jihar ba, domin ma'aikatan da na gani suna da iyali. Ya roƙe ni in raka shi saboda Turanci. Na yarda, domin a makarantar da aka kai ni an koya mana cewa mutum ba ya ba da shaida a kan abin da bai gani da idonsa ba.

Mun yi da shi za mu tashi bayan asuba. Ya iso da hantsi, a cikin a-kori-kurarsa mai warin taki, yana ba ni haƙuri da bakin da ke cike da goro. Na tuna masa cewa haka yake zuwa aji. Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai shi ya sa na zama ɗan kasuwa." Gidajen mai duk a rufe suke, sai a wurin 'yan bumburutu muka sha a Kabo, man kuwa an sirka shi da kananzir, don haka motar ta yi ta tari har iyakar jiha kamar tsoho mai shan taba.

A shekarar ne aka fara aiki da shari'a a wajenmu, kuma a bakin iyaka matasa 'yan sa-kai sun gitta itace suna binciken motoci, ko da wani ya ɗauko kwalbar giya. Ban ƙi aikin ba. Abin da na ƙi shi ne yadda ake yinsa. Mu fita za mu yi, ba shiga ba, amma aka sauke mu. Wani saurayi ya zaro kwalbar maganin tarina daga jaka, ya buɗe, ya sansana, ya miƙa wa na kusa da shi, shi ma ya sansana.

Alhaji, wanda bakinsa ba ya zama wuri ɗaya, ya ce, "Ku duba da kyau fa, Malam ɗan makarantar mishan ne."

Saurayin ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Baba, kana salla kuwa?"

Na ce, "Tun ba a yi auren iyayenka ba. Rufe kwalbar, kuma ka rufe ta daidai."

Ya rufe. Da muka tsallake itacen, ba mu yi nisa ba sai ga rumfuna sababbi jere a gefen titi, da kiɗa yana tashi da rana tsaka. A gabansu motoci ne masu lambar jiharmu. Na kau da kai, domin na gane masu motoci biyu daga ciki, ɗaya ma a sahun gaba yake tsayuwa ranar Juma'a.

Masallacin muka fara zuwa. Abin da ya fara tarbar mu allo ne na ƙarfe, babba, mai kyan fenti, yana sanar da cewa wannan gini yana ƙarƙashin kulawar tarayya, kuma duk wanda ya taɓa shi zai fuskanci hukunci. A bayan allon masallacin yake, ko in ce abin da ya rage daga gare shi. Rabin rufin ya rufta, azarori sun fito kamar haƙarƙarin ramammiyar saniya, tumfafiya ta tsiro a inda liman yake tsayawa. A gefe mutanen gari sun kafa rumfar kwano, a nan suke salla.

Mai gadin ya taso daga gindin darbejiya, sanye da kaki da ya koɗe. Muka gaisa sosai, muka tambayi iyali da aiki da zafi. Sa'an nan na ce, "Malam, me ya sami ginin nan? Girgizar ƙasa aka yi?"

Ya ce, "A'a, ranka ya daɗe. Tsare shi aka yi."

Ya bayyana mana cewa a da mutanen gari ne suke yi masa yaɓe kowace shekara, kamar yadda muke yi wa tamu ƙofar. Da tarayya ta karɓa, sai aka hana, domin yaɓe taɓawa ce, kuma ba mai taɓawa sai gwani daga hedikwata. Gwanin kuwa ba ya zuwa sai an saki kuɗi, kuɗin kuma tun da aka shiga tsuke bakin aljihu ba a sake su ba. Wata shekara maginan gari suka kwaɓa ƙasa za su toshe wata tsaga, shi da kansa ya kore su.

Na ce, "Kana kallo ruwa yana cin ginin?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, mutane aka ce in hana. Ba a ambaci ruwa ba."

Na tambaye shi ko akwai waɗanda aka tasa daga jikin masallacin. Ya nuna mini wani dattijo da ke zaune a rumfar kwano yana jan carbi. Shi ne ladanin, kamar yadda ubansa ya kasance. Na je na durƙusa muka gaisa. Ya ce gidansu a jikin bangon kudu yake, inda yanzu ciyawa ce. An ba shi fili a bayan wani tudu, inda babu rijiya, kuma daga can ƙafarsa ba ta kawo shi kafin ketowar alfijir. Don haka wani yaro ne da lasifika yake kiran asuba.

Na ce, "Kwalta fa? An kawo muku?"

Ya ce, "An auna."

Na juyo ina neman Alhaji don ya ji da kunnensa, sai na hango shi a gindin allo yana ƙwanƙwasa ƙarfen da yatsa. Ya ce, "Malam, ka ga kaurinsa? Ai irin wannan a bakin garinmu, maƙwabtanmu mutanen Madadi sai sun yi ciwon ido. Kuma ka lura, mai gadi kaki gare shi. Ɗana Babangida ba shi da aiki."

Daga nan muka nufi gandun dajin, muka isa da la'asar. A bakin ƙofarsa akwai masaukin baƙi, wanda da ganinsa an gina shi ne lokacin da ƙasa take da kuɗi. A ɗakina akwai bahon wanka irin na Turawa, an shanya albasa a ciki. Akwai na'urar sanyaya ɗaki, kaza tana kwanci a cikin akwatinta, kuma mai kula da masaukin ya roƙe ni kada in dame ta, ta kusa ƙyanƙyasa. Zanin gadon kuwa an shimfiɗa shi kamar an jefo daga taga. Na cire na sake shimfiɗawa, na kama kusurwoyin yadda aka koya mana, domin talauci bai taɓa hana zanin gado miƙewa ba.

Abincin tuwon masara ne da miyar kuka tsararo, sai wani gasasshen nama mai daɗi ƙwarai. Na tambayi ko na mene ne. Mai masaukin ya dubi ƙofa, ya rage murya, ya ce gada ce. Na ajiye wanda ke hannuna, na ce ai naman dajin nan shi aka kafa wurin don a tsare. Alhaji ma ya tsaya da tauna, fuskarsa ta nuna damuwa, har na fara jin daɗin cewa karatuna bai tafi a banza ba.

Ya ce, "An yanka kuwa?"

"An yanka, Alhaji, da bisimilla."

"To alhamdu lillahi." Ya jawo har da nawa.

Da safe aka haɗa mu da ɗan rakiya mai bindiga, ya bi da mu wata hanyar ƙafa da aka yi wa alama da fararen duwatsu. Ya ce Turawa har biya suke yi don su taka ta daga farko zuwa ƙarshe, ba tare da suna neman kome a ƙarshen ba. Wannan al'ada ta ba Alhaji mamaki matuƙa. Ya ce, "Su biya su yi tafiyar ƙafa? Ai matan Lakwaya suna yin ninkinta kullum da tulu a ka, ba wanda ya ɗauke su hoto." Na tambayi ɗan rakiyar me zai yi in zaki ya fito. Ya ce sai addu'a, domin bindigar ba a aiko mata da harsashi ba tun zamanin wanda ya gada.

Ga abin da na gani a dajin, ba ƙari ba ragi. Na ga shanu garke-garke. Na ga masu yin gawayi, waɗanda suka gaishe da ɗan rakiyarmu da sunansa, suka tambaye shi jikin mai ɗaki. Na ga biri guda, shi ma daga baya. Ƙaya ta kama babbar rigar Alhaji, domin ya ƙi jin shawarata ya shiga daji da shadda da takalmi sau-ciki, sai da muka ɓata lokaci muna kwance shi kamar rago.

Can tsakiyar hanya ɗan rakiyar ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru. Ya lallaɓa zuwa gindin wata kirya, inda aka kife wani tsohon kwano aka danne da dutse. Ya ɗaga shi a hankali. A ƙarƙashi wani busasshen curi ne, ya yi fari don tsufa.

Ya ce, "Kashin giwa ne. Duk baƙon da ya zo sai mun nuna masa."

Na ce, "Giwar fa?"

Ya ce, "Ita ta wuce da daɗewa." Ya mai da kwanon, ya danne, ya tattaro ƙasa ya toshe gefen don kada ruwa ya shiga. Ina shaida cewa a duk tafiyar nan ban ga abin da aka tsare da kyau kamarsa ba.

Kogon mai zane ba zan daɗe a kansa ba, domin ban gan shi ba. An sa masa ƙofar ƙarfe, makullin kuwa wani babban jami'i ya tafi da shi hedikwata, kuma an yi masa canjin wurin aiki. Na leƙa ta tsakanin ƙarafan, na hangi duhu da jemagu. Na tambayi mai gadin me aka zana a ciki. Ya ce shi bai sani ba, kuma ba ya son sani, hotunan mutanen jahiliyya ne, shi gadi kawai aka ɗauke shi.

A hanyar komawa na yi wa Alhaji magana a tsanake, dalla-dalla. Na ce ya ga masallacin, ya ga ladanin. In aka ba da ƙofarmu, za a hana mu yaɓe, damina kaɗan za ta kwanta, Yaya Asabe kuwa za ta ƙare kwananta a bayan gari tana laluben hanyar rijiya. Na ce in jami'in ya zo zan tashi in faɗi haka a gaban kowa, ko da zai ɓata wa ƙungiya rai.

Ya ce, "Malam, ka faɗi abin da za ka faɗa, kai uba ne. Amma in ya ga ƙofar nan, wallahi ba zai iya ƙin ta ba. Su waɗancan ai sakaci suka yi, suka bar abu ya tsufa."

Ban fahimci nufinsa ba sai da muka karyo kwanar garinmu. Daga nesa na hangi wani abu yana ƙyalli a inda ƙofar take. Ashe kafin mu tafi ya bar wa 'yan ƙungiya sumunti da kwano da fenti. Sun cire rufin azara sun ɗora kwano. Sun shafe bangon da sumunti sumul, sun yi masa kore da fari da kore. Sun sa ƙyauren ƙarfe, sun rubuta barka da zuwa a sama. Aikin ma ba a yi shi da igiya ba, domin layin fentin ya karkace daga hagu.

Na fito daga motar na tsaya. A soron nan na koyi tafiya. Na ce, "Sule, me ka yi?" Rabon da in kira shi da sunansa tun yana aji.

Ya ce, "Haba Malam, babban baƙo zai zo daga tarayya. Ai ba a tarbar baƙo da tsumma."

Jami'in ya zo a makon. Mutum ne mai natsuwa, da tabarau, kuma ya iso a kan lokacin da ya ambata, abin da ya sa na ga girmansa. Gari ya fito, aka shimfiɗa tabarmi a gaban ƙofar, aka kawo fura da soyayyun kaji. Na zauna da jawabina a shirye. Bayan gaishe-gaishe da addu'a, ya miƙe ya ce yana so a kai shi wurin tsohuwar ƙofar.

Alhaji ya buɗe hannuwa ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ga ta a gabanka."

Jami'in ya zagaya ta. Ya ƙwanƙwasa bangon, ya ɗaga kai ya dubi kwanon, ya taɓa fentin ya dubi yatsansa. Ya tambaya yaushe aka yi wannan aiki. Sakataren ƙungiya ya ce da alfahari, ai ko bushewa bai gama ba. Ya tambayi azarorin. Aka ce an raba wa mata, da wasunsu ma aka soya kajin nan. Ya cire tabarau ya goge. Daga bisani ya ce hukumarsu tsofaffin gine-gine take karɓa, wannan kuwa sabo ne, ya yi kama da shagon sayar da magani. Ya yi mana godiya bisa karamci.

Ban yi jawabin ba, domin babu sauran abin da zan hana. Alhaji ya bi shi yana cewa ko allon kaɗai a taimaka a ba mu.

Jami'in yana hanyar komawa motarsa sai ya ja ya tsaya. Ɗakin Yaya ya gani, jingine da sabon sumuntin, da jar ƙasarsa da tsohon zanen da ke bakin ƙofa, wanda uwar mijinta ta yi da hannunta. Ya matsa kusa, ya shafa bangon, fuskarsa ta sake a karo na farko. Yaya tana zaune a kan turmi tana saurare.

Ya ce, "Sannu Inna. Wannan ɗakin kuwa, shekararsa nawa?"

Ta ce, "Bara aka gina shi, ɗana."

Ya dube ta, ya dubi bangon, ya dube ni. Ni dai ban taɓa yin ƙarya a gaban ma'aikacin gwamnati ba, don haka na dubi takalmina. Ya ce ɗaki ne mai ban sha'awa, in an saki kuɗi zai dawo da kyamara. Ya shiga mota.

Da ƙarar motar ta ɓace, Yaya ta ce, "Dauda, za a tashe ni?"

Na ce, "A'a Yaya. Ba za a tashe ki ba."

Ta ce, "Ya ce zai dawo."

Na ce, "Sai an saki kuɗi. Na je na gani, ba a saki."

Ta murza bakin zaninta. Sa'an nan ta ce, "Duk da haka. Kira mini Sule. In da sauran sumuntin nan, a shafe mini ɗakina gobe, har da koren."